Za a raba wa ɗalibanmu tabulet a sakandare: waɗanda suka gwada, me kuka gani a cikin aji?

Malamar Fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai, iyaye, da duk wanda ya san kan wannan al'amari.

Fiziks nake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare. Hukumar makarantarmu ta zo da shawarar a ba kowane ɗalibi kwamfutar hannu, wato tabulet, a zuba masa littattafansa a ciki, ya riƙa zuwa da ita kullum yana komawa da ita gida. An saka ni a kwamitin da zai rubuta ra'ayin malamai kafin a yanke hukunci, kuma har yanzu na kasa tsayar da zuciyata wuri guda.

Akwai darussan da alli da allo ba sa fitar da su yadda ya kamata. Idan na zo kan yadda lantarki ke zagayawa a waya, sai in zana batir da kwan fitila da layuka, in ce wa yara su ƙaddara wani abu yana gudu a ciki. Wasu su gane, sauran su haddace dokar Ohm su zuba mini ita a jarrabawa ba tare da sun san abin da take nufi ba. To akwai manhajar PhET ta Jami'ar Colorado da ke Amurka, wadda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya karɓi kyautar Nobel a fiziks. Kyauta ake amfani da ita. A cikinta yaro zai haɗa wayoyin da yatsansa, ya ƙara batir ya ga fitila ta ƙara haske, ya jera fitilu biyu a hanya ɗaya ya ga sun dushe, ya raba musu hanya ya ga hasken ya dawo. Ba abin da zai ƙone, ba wanda wuta za ta ja. A yanzu ni kaɗai nake taɓa ta, ina haska musu ta majigi, kuma ko a hakan ina ganin bambanci. Ina ta tunanin yadda abin zai kasance idan kowa yana da tasa a gabansa.

Amma ina jin tsoro. Na san halin 'yan shekara 15 zuwa 17. Na san irin faman da nake yi da wayar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, ga shi yanzu mu da kanmu za mu ɗora musu babbarta a saman tebur. Yawancin jarrabawar da ke gabansu da biro da takarda ake rubuta ta. Kuma har yau ba wanda ya yi mana maganar horar da malamai.

Don Allah wanda ya koyar a irin wannan aji, ko ɗansa ya zauna a ciki, ya gaya mini abin da idonsa ya gani. Yaran sun ƙara fahimta, ko dai darasin ne kawai ya ƙara armashi? Kuma yaya kuke yi da masu zama a baya?

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya dafa miki, don aikin da aka ɗora miki ba ƙarami ba ne.

Na koyar a makarantar da aka yi irin wannan rabon, kowane yaro da tasa, kuma ina nan har aka sauya tsarin. Idan za ki ji ta bakina, ki nemi a kawo tabulet, amma kada ta zama ta ɗalibi, ta zama ta aji. A ɗauke ta kamar kayan ɗakin gwaje-gwaje: ana fito da su ne don aikin da aka riga aka tsara, da an gama a mayar da su mazauninsu. Ba malamin da yake barin sikeli da kwalaben gwaji a gaban yaro tun safe har a tashi.

Ba zan rage mata haƙƙinta ba. A darasin y = ax² + bx + c, a da sai mu cinye lokacin gaba ɗaya muna zana lanƙwasa guda a takardar giraf. Yara su lissafa, su ɗiga, su haɗa ɗigon. Kafin su kai ga ta biyu an buga ƙararrawa, kuma ba su ga dangantakar a da siffar zanen ba. Da manhajar GeoGebra, yaro zai ja adadin a daga 3 zuwa 2 zuwa 1, yana kallon lanƙwasar tana buɗewa. Ya kai sifili ta miƙe sambal. Ya wuce ƙasa da sifili ta kife. Sai ki ji murya daga tsakiyar aji: "Malam, me ya sa ta miƙe?" Wannan tambayar nake nema, kuma na daɗe ban same ta daga bakin ɗalibi ba sai da na'urar ta zo. Na biyu, ƙaramin gwaji a ƙarshen darasi. In tura musu tambayoyi kaɗan, kafin su miƙe na riga na gani a tawa cewa galibinsu sun faɗi ta uku. Washegari daga nan nake farawa. A da sai na kwashe littattafai na duba a ƙarshen mako, lokacin da kuskuren ya riga ya zauna musu a kai, mun ma ɗora wani darasin a kansa.

Inda abin ya lalace mana shi ne sauran lokacin. A darasi mai minti 40, aikin da yake buƙatar tabulet da gaske bai fi minti 10 zuwa 15 ba. Sauran mintunan tana nan a kunne a gaban yaro, ni ina bayani, ita tana kiran sa. Ba wai yaran lalatattu ba ne. Babba ma idan aka ajiye masa ita haka zai sha wuya.

Akwai binciken da aka yi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, a darasin tattalin arziki. An raba azuzuwa gida uku: wasu an hana su kowace na'ura, wasu an bar su da kwamfuta ko tabulet yadda suka ga dama, wasu kuma tabulet kawai, da sharaɗin ta kwanta a kan tebur yadda malami zai iya hango fuskarta. A jarrabawar ƙarshe, waɗanda aka hana su suka fi. Tazarar ta kai kimanin maki 1.7 cikin 100, kuma kwantar da tabulet a kan tebur bai ceci kashi na uku ba. Ki lura, waɗannan matasa ne da suka girme wa ɗalibanki, an tace su kafin a ɗauke su, kuma horonsu gaba ɗaya a kan bin umarni yake.

Wanda ya fi damuna shi ne na Kanada, na 2013. An sa wasu ɗaliban jami'a su riƙa wasu harkoki a kwamfuta ana cikin lacca. Su ɗin makinsu ya ragu da kashi 11 cikin 100. Waɗanda ke zaune inda suke hango fuskar kwamfutar, alhali su ba su taɓa komai ba, nasu ya ragu da kashi 17. Ke nan ba za ki iya cewa wanda ya shagala kansa ya cuta ba. Yarinyar da ta zo da niyyar karatu, aka zaunar da ita bayan mai kallon ƙwallo, ita ma an ci da haƙƙinta.

Game da masu zama a baya, malamin da yake tsaye a gaban allo bayan na'ura kawai yake gani. Duk lokacin da tabulet take hannunsu, ni a bayan aji nake tsayawa.

Maman Ɗaliba ta amsa:

Malam, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma don Allah idan za a kulle su a kabad a tuna da irin 'yata.

Ganinta yana da rauni tun tana ƙarama. Ko da tabarau, ko an zaunar da ita a layin farko, rubutun allo ba ya fito mata sosai. Shekara da shekaru tana aron littafin ƙawarta ta kwafa da yamma, kullum tana baya da kwana guda. Malamai da yawa sun ɗauka ba ta da ƙoƙari ne. Da ta samu tabulet, sai ta riƙa ɗaukar hoton allo ta buɗa shi da yatsu biyu har harafi ya girma yadda take so. Littafin karatu ta ƙara girman rubutunsa, ta mayar da bayan shafi baƙi rubutu fari, don haka ne idonta ba ya saurin gajiya. Idan ya gaji kuma na'urar ta karanta mata da murya. A iPad ana kiran wannan VoiceOver, a masu Android kuma TalkBack, kuma a cikin na'urar suke zuwa, ba sai an saya daban ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ta daina roƙo. Littafin da kowa yake karantawa shi take karantawa, a lokacin da kowa yake karanta shi.

Ko a Holan, da suka hana waya da tabulet da agogon zamani a azuzuwan sakandare daga 1 ga Janairun 2024, sun ware masu larura da nakasa, da kuma lokacin da darasin kansa yake buƙatar na'ura. Malama, ki sa wannan a rahotonki ƙarara, kada a bar shi ga ra'ayin kowane malami.

A matsayina na uwa kuma, akwai wahalar da malamai ba sa gani, don a gida take faruwa. Idan na ce ta ajiye waya, tana ajiyewa. Idan na ce ta ajiye tabulet, sai ta ce aikin makaranta take yi, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Ta yaya zan bambance? Barcinta ya soma ja baya. Daga baya na ga wani bincike na masanan Harvard da aka wallafa a 2015, inda aka sa manya 12 suka riƙa karatu a iPad kafin barci na wasu kwanaki, wasu kwanakin kuma a littafin takarda. A kwanakin iPad sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, sinadarin melatonin da ke sa jiki jin barci ya jinkirta, kuma da safe sun fi jin kasala. Mutanen ba su da yawa, amma abin da nake gani a gidana ke nan. Yanzu dokarmu ita ce na'urar ba ta kwana a ɗakinta. Ina roƙon malamai su daina tura aikin da za a miƙa ta intanet da tsakar dare.

Mai Kula da Na'urori ya amsa:

Malama, ni ba malami ba ne. Ni ne wanda ake kawo wa tabulet idan ta ƙi kunnuwa, don haka ta wannan ɓangaren zan yi magana.

Masu yanke hukunci suna kallon ranar rabo ne. Ki tambaye su shekara ta uku. Batirin waɗannan na'urori yana tsufa ko an kula da shi ko ba a kula ba. Bayan shekara uku zuwa huɗu za ki ga wadda take wuni a da, yanzu ba ta kai tsakar rana. Kamfani kuma yakan daina aiko wa tsofaffin samfura sabuntawa, daga nan wasu manhajoji su ƙi buɗewa. Gilashi yana fashewa, caja tana ɓata, bakin caji yana sakwarkwacewa. Idan littattafan yaro duka suna ciki, ranar da ta lalace ba shi da littafi ko ɗaya. Wa zai biya gyara, makaranta ko iyaye? Idan iyayen ba su da hali fa? Akwai na aro da za a ba shi kafin a gyara tasa? Duk makarantar da ba ta amsa waɗannan a rubuce ba, ba ta shirya ba.

Sai intanet. Na'urar rarraba intanet da take ɗaukar ofishin malamai lafiya lau, idan aji guda ya buɗe bidiyo a lokaci ɗaya sai ta durƙushe. Malami ya tsaya yana jiran shafi ya buɗe, aji ya kaure da surutu. Shi ya sa nake ba da shawarar abin da ke aiki ba tare da intanet ba. Ana iya sauke gwaje-gwajen PhET a ajiye, GeoGebra ma haka. Akwai kuma Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality, wadda ake ɗorawa a kwamfuta guda a makaranta, tabulet ɗin yara su riƙa jawo darussa daga gare ta. Ribar biyu ce: darasi ba ya tsayawa, kuma babu ƙofar da yaro zai bi ya fita zuwa wani wuri.

Ki karanta abin da ya faru a Los Angeles kafin ki rubuta rahotonki. A 2013 hukumar makarantun birnin ta fara shirin ba kowane ɗalibi iPad, yara fiye da 600,000, a tsarin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3 idan an haɗa da gyaran intanet na makarantu. Cikin makonnin farko ɗalibai kusan 300 a makarantun sakandare suka gano yadda ake cire makullin da aka sa, suka shiga Facebook da YouTube. Darussan da aka saya tare da na'urorin ba a ma kammala haɗa su ba a lokacin rabon. A Agustan 2014 aka dakatar da kwangilar, a Oktoba shugaban hukumar, John Deasy, ya ajiye aiki. Ba kuɗi suka rasa ba. Sun sayi na'ura ne kafin su san abin da malami zai yi da ita ranar Litinin da safe.

Akwai kayan da ke taimaka wa malami. Manhajar Classroom ta Apple tana nuna masa fuskar kowace iPad a aji, yana iya kulle su duka da dannawa ɗaya, ko ya tsare su a cikin manhaja guda. A Android ma ana iya maƙale na'ura a shafi ɗaya. Suna aiki, amma duk makullin da na sa, akwai yaron da yake da lokacin neman hanyarsa fiye da ni, kuma da ɗaya ya gano, kafin a tashi kowa ya sani.

Abu na ƙarshe, ki tambayi ina bayanan yaran suke tafiya: sunayensu, makinsu, hotunansu. Kowace manhaja da aka buɗe musu asusu a ciki tana tara wani abu. A san wa yake riƙe da shi, da ranar da za a goge.

Ɗalibin Bara ya amsa:

Ina wuni, Malama. Ban daɗe da gama sakandare ba, kuma da tabulet muka yi manyan azuzuwa.

Gaskiya sauya shafi ba ya ɗaukar ko daƙiƙa guda. Kafin malami ya taka daga allo zuwa layinmu, kowa ya koma littafi. Wasu ma raba fuskar suke yi biyu, littafi a gefe, gem ko hira a gefe. Amma ba wannan ne ya fi cutar da ajinmu ba a ganina. Hoto ne. Malami yana gama rubutu a allo sai kowa ya ɗaga na'ura ya ɗauka, an daina kwafa da hannu. Lokacin jarrabawa mutum ya tarar da hotuna ɗaruruwa ba tsari, bai san wanne ne na wane darasi ba, kuma ba ko ɗaya da ya taɓa bi ta kansa. Waɗanda suka ci gaba da rubutu a littafi su muka koma bi muna aro.

Akwai kuma ɗaukar hoton mutane ba da saninsu ba. Wani ya yi gyangyaɗi, ko wata ta yi kuskure a gaban allo, kafin yamma hoton ya zagaya. Na san waɗanda suka daina ɗaga hannu saboda haka. Idan za a iya rufe kyamara sai lokacin da ake buƙata, a rufe.

Abin da ya taimake ni sosai shi ne gajerun bidiyon da malamar kimistiri take yi mana na lissafin mol. A aji ina jin kunyar cewa ban gane ba. A gida ina tsayar da bidiyon, in koma baya, in sake kallo har ya shiga, ba wanda yake kallona.

Malamar Harshe ta amsa:

'Yar'uwa, abin da na fi so ki yi tsayin daka a kansa shi ne maganar rage littattafan takarda. Kada ki yarda a haɗa ta da maganar tabulet a matsayin abu ɗaya.

A 2018 masana daga Jami'ar Valencia ta Sifaniya da abokan aikinsu sun tattara bincike 54 da aka yi tsakanin 2000 da 2017, masu ɗauke da mutane fiye da 170,000, don kwatanta fahimtar karatu a takarda da a fuskar na'ura. Takarda ta yi rinjaye. Rinjayen ba babba ba ne, amma ya fi fitowa a rubutun bayani, irin na littafin kimiyya ko tarihi, da kuma lokacin da aka ƙayyade wa mai karatu lokaci. A labari da ƙagaggen rubutu ba a ga bambanci ba. Ana zaton yaran da suka tashi da waya a hannu za su cike giɓin, sai aka ga tazarar ƙaruwa take yi da shekaru. Ni ma abin da nake gani ke nan. Idan na ba su dogon rubutu a na'ura, ido yana gudu a kai, yatsa yana turawa sama, su ce sun gama. In tambaye su me marubucin ya kafa hujja da shi a sakin layi na biyu, sai a yi shiru.

Suwidin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa saurin shigar da na'urori makarantu. A gwajin karatu na ƙasa da ƙasa na PIRLS, makin 'yan aji huɗunsu na firamare ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. Ba za a ɗora wa tabulet laifin duka ba, don annobar korona ta faɗo a tsakani, amma ministar makarantu ta lokacin, Lotta Edholm, ta juya akala, gwamnati ta ware kurona (kuɗin ƙasar) miliyan 685 a 2023 don sayen littattafai. Tun 2015 ma ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe a fannin tattalin arziki da ci gaba, ta duba sakamakon 'yan shekara 15 ta ga cewa masu amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓa ta sosai, amma masu yawan amfani da ita sun faɗo ƙasa da kowa.

Game da rubutu, akwai binciken Norwe na 2024 da ya auna aikin ƙwaƙwalwar ɗaliban jami'a, ya ga sassanta sun fi haɗa kai lokacin rubutu da hannu fiye da lokacin danna haruffa. Da alƙalamin na'ura suka yi rubutun hannun, a kan gilashi. Don haka idan har za a saya, a saya da alƙalaminta. Tabulet marar alƙalami ba ta da amfani ga mai warware lissafi ko zana hoton ƙwayar halitta, kuma danna haruffa a gilashi ba ya yi wa mai rubuta doguwar insha'i daɗi.

Malamar Fiziks ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗana Ɗalibin Bara, maganar hoton allo ta tsaya mini a rai, don ko yanzu ina ganin alamarta.

Ga inda na karkata. Zan ba da shawarar a fara da saiti na aji, masu alƙalami, a darussan kimiyya da lissafi, na zango biyu, littattafan takarda su zauna yadda suke. Ɗalibai masu larurar gani ko ji ko karatu a ba su nasu na dindindin, a aji da gida, kamar yadda Maman Ɗaliba ta nema. A horar da malamai kafin na'ura ta iso.

Sai dai abu guda yana damuna, Malam. A ajina akwai yaran da ke baya sosai a lissafi, har raba lamba yana ba su wuya, ni kuma jadawalin karatu yana tura ni gaba. Su ne nake ganin na'urar za ta fi amfana idan tana hannunsu kullum. Saitin aji ba zai tauye su ba?

Tsohon Malamin Lissafi ya sake amsawa:

Tambayarki tana kan hanya, Malama, kuma a nan ne na'ura take yin abin da ni da ke ba za mu iya ba, wato ba kowane yaro tambaya daidai da inda ya tsaya.

An gwada wannan a Delhi ta Indiya da manhajar Mindspark, aka wallafa sakamakon a 2019. Yaran 'yan ƙananan azuzuwan sakandare ne na makarantun gwamnati, da yawansu suna baya da ajinsu da shekaru. Manhajar takan fara gano ainihin matakin yaro, ta ba shi aikin wannan matakin ko da na firamare ne, ta lura da irin kuskuren da yake maimaitawa, ta ɗaga shi sannu a hankali. Cikin wata huɗu da rabi sun ci gaba sosai a lissafi da harshen Hindi fiye da takwarorinsu da ba su shiga ba, kuma raunanan ba a bar su a baya ba.

Amma ki duba yadda aka tsara shi. Ba raba musu na'ura aka yi suka tafi da ita gida ba. Cibiya suke zuwa bayan an tashi daga makaranta, minti 45 a kan manhajar, minti 45 tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni. Lokaci sananne, aiki guda, da babba a wurin. Saitin ajinki zai iya yin wannan. Ki nemi a ware wa waɗannan yaran zama biyu ko uku a mako, da safe kafin darasi ko bayan an tashi, a kulle na'urar a manhajar lissafi kaɗai, malami yana zagayawa. Ki gwada su da takarda a farkon zango, ki sake gwada su da irin tambayoyin a ƙarshensa, ki ajiye sakamakon. Idan hukuma ta zo maganar faɗaɗa shirin, da wannan takardar za ki shiga taron.

Kuma ki sa wa kowace tabulet lamba, kowane ɗalibi ya san lambarsa, yara biyu su riƙa rabawa da tattarawa. Idan ba haka ba rabon kaɗai zai cinye miki kwatan darasi.